Karya layin waya ba ya goge bashi: masu matsa lamba da rajistar da ke riƙe da sunanka

Kwanakin baya saƙo ya shigo wayata daga wata lamba da ban sani ba. Hoton ƙanen wani abokina ne, an zagaye fuskarsa da jan layi, an rubuta cewa ɗan damfara ne da ya gudu da kuɗin kamfani, wai kuma ni ne na tsaya masa. Ban taɓa tsaya masa ba, ban ma san ya ci bashi ba. Na kira shi, waya a kashe. Sai bayan kwana biyu na ji labari daga bakin yayansa: yaron ya karya layin, ya sayi sabo, ya goge manhajar da ya ci bashin a ciki, a ganinsa magana ta ƙare. Kuɗin da ake masa wannan tonon silili a kansu ba su kai na buhun shinkafa ba.

Abin da ya yi shi ne abin da mafi yawanmu za mu yi, domin kunya ta fi duka ciwo. Amma a lissafinsa akwai kuskure. Wanda bashi ya yi wa nauyi a Najeriya ta yau abubuwa biyu ne ke bin sa. Akwai mai ihu: kira dare da rana, zagi, barazanar 'yan sanda, saƙonni ga surukai. Akwai kuma marar magana: rajistar da ake rubuta sunan duk wanda ya ci bashi da yadda ya biya. Mutane suna gudun na farko, alhali yawancin abin da yake yi doka ta hana, kuma barazanarsa iska ce. Na biyun, wanda ba ya kira ba ya zagi, shi ne zai tare maka hanya bayan shekara uku ranar da ka je neman jari. Layin waya ana canzawa, amma lambar BVN da aka fara a 2014 guda ɗaya ce ga kowane mutum, kuma da ita ake gane ka.

Mu fara da wannan rajista, tunda ita ce aka fi jahilta. Kamfanoni uku ne Babban Bankin Najeriya, CBN, ya bai wa lasisin tattara tarihin bashin jama'a: CRC Credit Bureau, da FirstCentral, da CreditRegistry. Ba su ba da bashi, ba su karɓar bashi. Aikinsu ajiye labari ne. Bankunan kasuwanci, da ƙananan bankuna, da kamfanonin ba da rance da suka yi rajista da su, suna aika musu bayani a kai a kai: wane ya karɓi kaza ranar kaza, ya biya kaza, ya makara kwana kaza. Bankunan da ba su ta'ammali da kuɗin ruwa ma suna ciki, don haka wanda ya karɓi mota ko kayan shago ta hanyar murabaha, wato banki ya saya ya sayar masa da riba ya biya daga baya, bai fita daga lissafin ba. Idan ka nemi sabon bashi, ƙa'idar CBN ta ce banki ya duba rahotonka daga aƙalla biyu cikin kamfanonin nan kafin ya ba ka. Daga wannan tarihi ake fitar da maki, wanda a CRC yake tsakanin 300 zuwa 850. Mai maki sama ana buɗe masa ƙofa, mai maki ƙasa a ce masa "sai dai wani lokaci", ba tare da an gaya masa dalili ba sai in ya tambaya.

Dokar da ke tafiyar da wannan harka ita ce ta rahoton bashi ta 2017, wadda Yemi Osinbajo ya sanya wa hannu lokacin da yake muƙaddashin shugaban ƙasa. Abubuwa biyu a cikinta sun shafi aljihunka kai tsaye. Na farko, kana da haƙƙin karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara. Na biyu, bayanin da aka shigar yana zama aƙalla shekara 6 kafin a mayar da shi ma'ajiya. Wato makarar da ka yi yau a kan naira dubu goma sha biyar tana iya tsaya maka a wuya har ɗanka na firamare ya shiga sakandare. A nan zan ɗan yi gargaɗi ga masu bin shawarwarin intanet: yawancin bidiyon da ake yaɗawa kan "gyaran maki" na Amurka ne, inda suke da dokarsu ta masu karɓar bashi tun 1977 da wa'adinsu na shekara 7. Waɗannan dokoki ba su aiki a Sabon Gari.

Shi kansa bashi ba ya lalacewa rana ɗaya. A ƙa'idar bankunan kasuwanci, idan aka yi kwana 90 ba a biya ba, bashin ya shiga sahun waɗanda suka daina tafiya. Ya kai kwana 180, ya zama abin shakka. Ya wuce 360, a rubuta shi a matsayin asara. Mutane da yawa in sun ji an ce banki ya rubuta bashinsu a asara sai su yi hamdala, su ɗauka an yafe. Ba a yafe ba. Gyaran littafin banki ne kawai, bashin yana nan a wuyanka, kuma daidai wannan lokaci ne ake miƙa shi ga sashen ƙwato bashi, ko wani kamfani na waje da ake biya da kaso daga abin da ya ƙwato, ko lauya. Wannan kason shi ne sirrin zafin kansu. Yaron da ke zaginka a waya ba kuɗinsa ka ci ba, amma idan bai karɓo ba shi ma ba zai ci abinci ba.

To me doka ta yarda ya yi? Ya kira ka, ya rubuto maka, ya kai sunanka rajista, ya kai ka kotu. Idan ka ba da jingina, a bi ta kanta bisa yarjejeniya. A nan iyakarsa take. Ƙa'idojin kare abokan hulɗa da CBN ya fitar a 2019 sun hana cibiyoyin da ke ƙarƙashinsa cin zarafi da tsoratarwa wajen karɓar bashi, sun hana kira ko zuwa tsakanin ƙarfe 9 na dare da 8 na safe sai da yardarka, sun kuma hana damun 'yan uwa da maƙwabta da abokai da maganar biya idan ba su suka tsaya maka ba. Kwashe lambobin da ke wayarka a aika musu hotonka kuwa keta dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ne, kuma tun kafin ita, a watan Agustan 2021, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 a kan irin wannan aiki. A Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu manhajojin ba da rance a Legas, daga baya ta tilasta musu rajista. Daga 31 ga Mayun 2023 Google ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa shiga lambobi da hotunan wayar mutum. A 2025 kuma FCCPC ta fitar da cikakkun ƙa'idoji, da tarar da ke iya kai wa naira miliyan 100. Shi ya sa miyagun cikinsu yanzu suka koma turo manhaja ta WhatsApp, su ce ka sauke kai tsaye. Duk manhajar da ta ƙi bi ta ƙofa ta zo ta taga, ka san abin da ta zo yi.

Barazanar 'yan sanda ita ta fi girgiza mutane, ita ce kuma ta fi rashin tushe. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya ko rikicin da ba na laifi ba, kuma kotunan ƙasar nan sun sha nanata cewa 'yan sanda ba masu karɓar bashi ba ne. Haka nan doka ta hana a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema. Na san abin da ke rubuce daban, abin da ke faruwa a wasu caji ofis daban, amma wanda ya san haƙƙinsa ya je da lauya ba a yi masa yadda ake yi wa wanda bai sani ba. Sai dai kada a ɗauki wannan a matsayin lasisin taurin bashi. Idan da takardun bogi ka karɓa, ko da sunan wani, wannan zamba ce, laifi ne. Idan ka rubuta cek ka san babu kuɗi a asusun, akwai dokar 1977 da ta tanadi ɗaurin shekara 2. Kwashe kayan gida kuwa ma'aikacin kotu ne kawai ke yi, bayan an yi shari'a an yanke hukunci. Ƙato biyu da mota a ƙofar gida ba kotu ba ne.

Akwai wata ƙarya da suke yawan yi: "za mu rufe maka BVN." Manhajar rance ba ta da ikon rufe BVN ɗin kowa. Jerin sa ido da ake saka BVN a ciki na waɗanda aka tabbatar sun yi zamba ne, bankuna ne ke shigarwa ta hannun NIBSS, kamfanin da ke kula da tsarin BVN. Abin da mai rance zai iya shi ne kai rahoton rashin biyanka, kuma wannan kaɗai ya isa ciwo.

Abin da ya kamata a ji tsoronsa da gaske shi ne GSI, tsarin da ya fara aiki ranar 1 ga Agustan 2020. A cikin takardun da ka sa wa hannu, ko ka danna "na amince" ba ka karanta ba, akwai izinin da ka bai wa banki cewa idan ka kasa biya, a bi BVN ɗinka a cire daga duk asusun da kake da shi a wasu bankuna, har da na haɗin gwiwa. Tun 2022 ma aka ba da damar a riƙa ƙoƙarin cirewa babu ƙaƙƙautawa har bashin ya ƙare. Mutanen Arewa da yawa sun san wannan ta hanya mai zafi. Lokacin korona, da CBN ya fitar da rancen tallafi ta bankin NIRSAL, an yi ta cika fom a shagunan intanet ana cewa rabon gwamnati ne, wasu ma dillalai suka yanki kasonsu tun kafin kuɗin su iso hannu. Shekaru suka wuce, sai mutum ya sayar da amfanin gona, kuɗi su shiga asusu, kafin ya isa wurin mai POS alat ya shigo an kwashe. Abin lura ɗaya: ƙa'idar GSI ta ce uwar kuɗi da kuɗin ruwan da ya taru kawai za a cira, ban da tarar makara. Idan an cire fiye da haka, kana da bakin magana.

Yanzu a ce kai ne kiran ya iso wa. Abu na farko, wanda ya fi wuya, shi ne ka ɗaga wayar. Ba don ka yi rantsuwa ko ka rama zagi ba. Ka tambaye shi sunansa, da kamfanin da yake wa aiki, da sunan wanda ya ba ka bashin tun asali, sannan ka ce ya turo maka bayani a rubuce: nawa ka karɓa, nawa ka biya, nawa ne kuɗin ruwa, nawa ne tara. Mai gaskiya zai turo. Wanda ya ce "ba ni da lokacin wannan, turo kuɗi yanzu" ya riga ya ba ka amsa. Akwai 'yan damfarar da ke samun jerin sunayen masu bashi su riƙa kira da sunan kamfani, ka biya su, bashinka yana nan daram. Don haka kobo ɗaya kada ya shiga asusun wani mutum, sai asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin, wanda ka tabbatar daga ofishinsu ko manhajarsu.

Idan lissafin ya zo, zauna da biro. Sau da yawa a nan ake gano inda gizo ke saƙa. A ce an rubuta maka naira 20,000, aka cire 6,000 tun farko da sunan kuɗin aiki, 14,000 ta shigo hannunka, aka ce ka mayar da 20,000 bayan kwana bakwai. Ka biya kusan kashi 43 cikin 100 a mako guda ke nan. Ka makara, a riƙa ɗora tara kullum, kafin wata biyu bashin ya ninka. Uwar kuɗin haƙƙi ne a kanka babu tantama. Tarar da aka yi ta jibgawa kuwa abin ciniki ce, kuma su ma sun sani. Bashin da ya daɗe, mai shi ya fi son rabi a hannu da cikakke a takarda, shi ya sa tayin "a cire tara in biya uwar kuɗi da ruwan asali cikin wata uku" yake yawan karɓuwa. Amma ka faɗi abin da za ka iya. Alƙawarin dubu hamsin a wata daga mai samun dubu saba'in ba alƙawari ba ne, sabuwar makara ce za a sake rubutawa. Mafi muni shi ne cin bashi a wata manhaja don a biya wata. Na ga wanda ya fara da ɗaya ya ƙare da tara, an gudu ba a tsira ba.

Duk abin da kuka daidaita a kai, ya zama a rubuce kafin ka biya, a takarda mai kan kamfanin ko saƙon imel daga adireshinsu, kuma ya faɗi ƙarara cewa wannan adadi shi ne ƙarshen bashin. Mu da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta umarce mu da rubuta bashi, abin mamaki ne yadda muke yarda da "kada ka damu, na gyara maka" daga bakin wanda ba mu taɓa gani ba. Ma'aikacin da ya yi maka alƙawari a waya yana iya barin aiki gobe, wanda ya gaje shi kuma kwamfuta zai duba, ita kuma cikakken adadi ta sani. Ka ajiye rasit, ka ɗauki hoton kowane saƙo. Saƙonnin zagin ma kada ka goge su don haushi, su ne hujjarka a gaban FCCPC ko hukumar kare bayanai ta NDPC, kuma ɓata suna laifi ne a ƙarƙashin dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa.

Ga inda mutane suka fi sakaci. An biya, kira ya tsaya, an yi ajiyar zuciya, an manta. Alhali biya daban, gyaran rajista daban. Kamfanin rajista ba ya canza komai da kansa, abin da mai ba da bashi ya aiko shi yake rubutawa, kuma akwai masu saurin kai ƙarar rashin biya da nawar kai labarin biya. Don haka ranar da ka kammala, ka nemi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai. Bayan wata ɗaya ko biyu ka nemi rahotonka, kuma daga kamfanonin uku, domin wani mai rancen ɗaya kawai yake aika wa. Idan har yanzu ana nuna ana bin ka, ka rubuta ƙorafi ga kamfanin rajistar da wanda ya ba ka bashin, ka haɗa da takardar shaidar. Doka ta ba su kwana 10 na aiki su bincika su ba ka amsa. Ba su yi ba, sai CBN, bayan shi kotu. Tarihin makarar ba zai ɓace ba, gaskiya ce ta faru, amma "ya makara ya biya" da "har yau bai biya ba" ba ɗaya suke ba a idon mai duba takardarka. Masu tallan cewa za su "wanke maka BVN" idan ka ba su dubu goma kuwa, kuɗinka za su wanke.

Duba rahoton yana da wani amfani ko ga wanda bai taɓa cin bashi ba. Mutum nawa ne suka miƙa BVN da NIN da lambar sirrin da ake turowa a waya ga wani "wakili" da ya ce zai cika musu fom ɗin tallafi? Da waɗannan ake karɓar rance da sunan mutum, shi bai sani ba sai ranar da aka hana shi. Haka wanda ya tsaya wa wani don kara. Sa hannu a matsayin mai tsayawa ba shaidar hali ba ce, ɗaukar bashin ne idan wancan ya kasa, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma lambarka da aka tsinta a wayar mai bashi, kamar yadda aka yi mini, ba ta ɗora maka komai.

Tsohon bashi yana da nasa hukuncin. Dokokin jihohi sun sa wa'adin da za a iya kai ƙarar bashi kotu, a Legas shekara 6 ne, kuma amincewa da bashin a rubuce ko biyan wani ɓangare yana mayar da lissafin farko. Lauyoyi kan yi amfani da wannan, kuma ya kamata a sani. Ni dai ba na ganinsa a matsayin mafita ga mai hali. Rufewar ƙofar kotu ba ta sauke nauyi, kuma hadisin da ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne bai sa wa'adi ba. Addinin da ya faɗi haka shi ne kuma ya ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, sai dai manhaja ba ta san wannan ba, kai za ka je ka nema da bakinka. Idan kuma takardar sammaci ta iso, daga kotun ƙananan ƙararraki irin wadda Legas ta fara a 2018 Kano ta biyo baya, ko daga wata kotu, ka halarta. Wanda bai je ba ana yanke hukunci a bayansa bisa lissafin mai ƙara, sannan a samo umarnin cire kuɗi daga asusunsa. Wanda ya je yana iya ƙalubalantar adadin, ya kuma roƙi biya kaɗan-kaɗan.

Duk wannan zai ƙara nauyi nan gaba. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa CREDICORP don ba ma'aikata bashin sayen kaya, ta kuma fara ba ɗalibai rance ta NELFUND, wanda biyansa ke farawa shekara 2 bayan hidimar ƙasa. Dubban matasan da iyayensu ba su taɓa shiga banki neman rance ba yanzu suna da bashi a wuyansu tun kafin su karɓi albashin farko.

Ƙanen abokin nawa, da yayansa ya zaunar da shi, sun rubuta wa kamfanin, aka cire yawancin tarar, ya biya a kashi uku. Takardar shaidar sai da suka yi mako biyar suna bibiya kafin ta fito. Da ya duba rahotonsa, ya tarar da bashin an rufe a kamfani ɗaya, a ɗayan kuma har yanzu a buɗe yake, ga wani rance na dubu takwas daga wata manhaja da ya manta ma ya taɓa saukewa.